Ɗan Farina Bature

Ɗan farina Bature ne. Mai dariya ya yi dariyarsa, ni dai ban saba faɗin abin da ban tabbatar ba. Mutumin ƙasar Ayalan ne, kuma kada ka kuskura ka ce masa ɗan Ingila, yanzu za ka ga kunnuwansa sun yi ja. Haka ubansa ma yake. Shi ɗan nawa ɗan wasan fim ne, daga baya ya zama mai shirya fim da kansa. Ni ban yi boko ba, 'yata ce ke rubuta wannan ina faɗa mata, kuma na ja mata kunne kada ta sa sunan kowa, balle nasa.

Ga yadda aka yi. Maigidana, Allah ya jiƙansa, direba ne. Daga wani ƙauye na ƙasar Katsina muka zo Kaduna, ya samu aikin tuƙa wani injiniyan hanya da ke zaune a Unguwar Rimi, lokacin unguwar duk itatuwa ce, gidaje jefi-jefi. Aka ba mu ɗaki a bayan gida, kusa da na kuku. A ɗakin na yi haihuwar fari. Yaron bai kai suna ba ya koma. Ina wankan jego ba jariri, nono ya cika ya yi tauri, ko zani ba na so ya taɓa shi. A tsakanin nan matar injiniyan ita ma ta haihu, zazzaɓi ya kwantar da ita, ruwan nononta ya ƙi zuwa. Madarar gwangwani kuwa da an ba yaron sai ya dawo da ita. Ina jiyo kukansa daga ɗakinmu, har muryar ta fara dishewa. Wata safiya sai ga matar a bakin ƙofata tana dafa bango, yaron a hannunta. Ba ta jin Hausa, ba na jin Turanci. Ta miƙo, na karɓa. Ya kama.

Uwar mijina tana nan, ta zo daga ƙauye kula da jegona. Ta daɗe tana kallon jan yaron nan a cinyata, sannan ta ce, "To. Allah ya karɓi nasa, ya ba ki wannan. Shi ya sha nonon fari, shi ne ɗan farinki." Maigidana ya tambayi malaminsa, malam ya ce nono yana ƙulla zumunci kamar jini: duk 'ya'yan da zan haifa nan gaba ƙannensa ne, babu aure tsakaninsu.

A gidanmu kuwa uwa ba ta kiran sunan ɗan fari. Ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta yabonsa, ba ta zuba masa ido. Kunya ce, kuma ita ce adon mace. Uwata ta yi wa yayanmu, kakata ta yi wa uwata. Tun daga ranar da uwar mijina ta yi maganar nan sunansa bai sake fita daga bakina ba. In zan kira shi na ce "kai", in zan yi zancensa na ce "wancan". Shi kuma ya taso yana ce mini Adda, don haka ya ji ƙannen mijina suna kirana. A bayana ya girma. Tuwona ya fara ci kafin burodin gidansu, da Hausa ya fara magana. In ya faɗi a tsakar gida akwai mutane, sai na ce wa ƙanwar mijina, "Je ki ɗaga wancan," ni kuma na ci gaba da abin da nake yi, kunnena yana wajensu.

Yana cikin famfara, haƙoransa na gaba sun zube, aikin ubansa ya ƙare za su koma ƙasarsu. Ranar tafiya gida ya cika. Ma'aikata sun jeru ana sallama, dangin maigidana sun zo, matan maƙwabta sun zo kallo. Ni ina bakin famfo ina wanki. Ya fizge daga hannun uwarsa ya sheƙo, ya kama zanina ta baya yana "Adda! Adda!" Ban juyo ba. Na ce wa ƙanwar mijina, "Ɗauke shi, ki ce masa Allah ya kiyaye hanya." Ta ɗauke shi yana harbe-harbe. Maigidana ne ya tuƙa su.

Matan da suka ga abin nan sun yi shekaru suna ba da labarinsa. Har ƙauyenmu ya kai. In za a yi wa amarya faɗa sai a ce ta yi koyi da ni. Yau ma in aka mayar da ni bakin famfon, abin da na yi shi zan sake yi.

Daga nan labarinsu ya yanke. Na haifi sauran 'ya'yana, maigida ya rasu, na dawo Unguwar Shanu wajen 'yata mai sayar da atamfa a kasuwa, wadda ita ma yanzu jikoki gare ta. Rannan da hantsi sai ga ta ta rufe shago ta dawo tana haki.

"Inna, wai wani Bature ne yake bin tashoshin mota yana tambayar tsofaffin direbobi matar Baba. Har an kwatanta masa nan. Yana tafe!"

Kafin na canza mayafi layinmu ya cika. Masu shago, masu keke, matan aure ta saman katanga. Sai ga shi ya sunkuyo ta ƙofar zaure: tsoho, gashi fari fat, ga tumbi, tafiyar ubansa sak. Ya tsaya tsakar gida ya ware hannuwa, da muryar dattijo da Hausar yara ya ce, "Adda! Ni ne!"

Na san shi ne. Tun takunsa a zaure na sani, don har yanzu yana jan ƙafar hagu kaɗan. Amma tsakar gida cike take da idanu. Na ja mayafina, na dubi gefe, na ce, "Kun zo lafiya? Ya hanya?" Na ce wa 'yata, "Ba wa baƙo ruwa, ki shimfiɗa masa tabarma."

Ta gefen ido na ga hannuwan sun sauka a hankali.

Ya zauna, 'yata ta zauna kusa da shi, don ita ta yi makaranta tana jin Turanci. Nan take ta raɗa masa Yaya Bature, ya kuwa amsa. Ni na ɗauko tire ina tsintar shinkafa a bakin ƙofar ɗakina, na ba su rabin baya. Duk abin da ya faɗa ta juya shi da ƙarfi, wai don maƙwabta, amma na san don wa take yi.

Ya ce da suka koma, sanyi da ruwan sama ba dare ba rana, yara suna tsokanarsa saboda maganarsa, sai ya koyi kwaikwayon muryar kowa don su bar shi. Da haka ya gane yana iya zama wani. Ubansa ya so ya yi injiniya, shi kuma ya gudu gidan wasan kwaikwayo, yana ɗaukar katakai yana share dandali har aka fara ba shi fitowa. Ya yi shekaru yana wanke kwanuka a gidan abinci tsakanin wasa da wasa. Sai da ya fara sanƙo kafin fim ya karɓe shi. 'Yata ta laluɓo finafinansa a waya, ana ta miƙa wa juna. Ga shi soja, ga shi masunci, ga shi limamin coci, ga shi wani mugun attajiri da karnuka. Aka miƙo mini, na ce idona ba ya gani sosai. Da suka tafi na sa ta kunna mini, na gani sarai. Ya iya. In ya yi fushi a fim sai jikinka ya yi sanyi. Abu ɗaya ne ban so ba, kusan ko'ina sai an kashe shi. Wajen nan nakan ce ta wuce gaba.

Ya ce daga baya ya gaji da jiran a kira shi, ya kafa kamfaninsa, shi ke nemo labari, ya tara ma'aikata, ya ɗauki nauyi. Kuma akwai labari ɗaya da ya daɗe yana so ya yi, ba wanda ya yarda ya sa hannu, sai yanzu: labarin yarintarsa a Kaduna. Shi zai fito a matsayin ubansa. Ya gayyace mu kallon ɗauka.

Wani tsohon gida suka samu a Malali mai kama da na da, don na Unguwar Rimi an rushe an yi bene. Muka je a keke ni da 'yata. Wayoyi ko'ina a ƙasa, manyan fitilu da rana tsaka, Turawa kaɗan, sauran duk 'yan gida. Aka ba ni kujera a inuwa. Aka nuna mini wadda za ta fito a matsayina, wata 'yar fim doguwa kyakkyawa, ta durƙusa har ƙasa ta gaishe ni.

Na dubi hannunta na ce, "Da waɗannan faratan za ki yi wanki?"

Ta ce, "Mama, na roba ne, cirewa ake yi."

"To a cire. Kuma wannan ɗaurin zanin na zuwa biki ne."

Ta yi dariya, na yi. Na so yarinyar.

Ranar gwaji suke yi na wajen sallama. Ga mota irin ta da, ga famfo, ga baho. Ina kallo, sai wadda ta fito a uwarsa ta zo ta miƙa wa 'yar fim ɗin ambulan. Ta karɓa, ta leƙa ciki, ta soke a zani. Yaron da ya fito a shi ya sheƙo ya kama ta, ta ture hannunsa ba ta ko duba ba, ta juya tana hira da kuku tana dariya. Aka kunna wata murya a kai, muryar ɗan farin nawa, a hankali cikin Turanci.

Na ce wa 'yata, "Me yake cewa?"

"Ba komai, Inna, bayani ne."

"Ke. Na haife ki. Me yake cewa?"

Ta sunkuyar da kai. "Cewa ya yi, matar da ya fara so a duniya biyanta ake yi ta so shi. Ranar da biyan ya ƙare, son ya ƙare. Wai tun daga ranar bai sake yarda da kowa ba sai a gaban kyamara."

Ni ba a taɓa ɗaukata aiki a gidan nan ba. Albashin maigidana na tuƙi ne. Nonona kuma ba a saya ba. Ga shi za a nuna wa duniya ni 'yar aiki ce da ta karɓi sallamarta, jikokina su gani a waya, 'yan Unguwar Shanu su gani. Wannan ma da sauƙi. Abin da ya tsaya mini a wuya, shi ya yarda haka ne. Da wannan ya girma, da shi ya tsufa. Na ce a raina, wallahi ba zai koma ƙasarsu da wannan fim ba, kuma ba zai koma da wannan zance a cikinsa ba.

Amma ta yaya? Uwa ba ta tsayawa gaban ɗan fari ta ce masa ina son ka. Na aiki 'yata ta yi masa bayani. Ta je ta dawo fuska ba daɗi.

"Ya saurara, Inna. Ya ce ya gode, wai ni mutuniyar kirki ce, ina kare mahaifiyata. Ya ce ba ya riƙe ki da komai, talauci ne, aiki ne. Ya ce ai da ya zo gida ma ya gani da idonsa."

"Ba ya riƙe ni da komai? Shi ne ma zai yafe mini?"

Na samu 'yar fim ɗin a gefe tana cin shinkafa. Na ce, "Ke ba Bahaushiya ba ce? Ba ki san kunyar ɗan fari ba?"

Ta ce, "Na sani mana, kakata tana yi. Tun da na karanta na ji wani iri. Amma Mama, ni abin da aka ce na yi shi nake yi. Fim ɗinsa ne, yarintarsa ce. Ni wa?"

"Ke kina da ɗa?"

"Ɗaya."

"Kina kiran sunansa?"

"Har a waya na sa hotonsa, Mama."

Na ce, "Allah ya shirye ku."

Washegari da sassafe na ɗauki kujerata 'yar tsugunne, na tari keke, na tafi Malali. Na wuce mai gadi, na wuce masu fitilu, na dasa kujerar a bakin famfon, daidai inda 'yar fim ɗin ke tsayawa, na zauna. Na fito da carbina.

Wani saurayi mai waya a kunne ya zo. "Hajiya, don Allah a ɗan matsa, nan za a yi aiki."

Na ce, "A yi mana. Na hana?"

"Ai kina cikin hoto."

"Dama hotona ne."

Ba wanda zai ɗaga tsohuwa. Turawan suka yi cirko-cirko, 'yan gida suna ɓoye dariya. Shi kuwa ya tsaya daga nesa ya ce a ƙyale ni, a ɗauki wani wajen. Suka shiga falo suka yi aikinsu. Da la'asar na ɗauki kujerata na tafi gida. Washegari na dawo. Mai dafa musu abinci, wata Bazazzagiya, ta fara ajiye mini kwanona. Rana ta buge ni, yayyafi ya taɓa ni, ƙafafuna suka kumbura, 'yata tana faɗa kullum da safe.

"Inna, za ki kashe kanki a kan fim!"

"A kan fim? Ke dai tafi kasuwarki."

Ba ta tafi ba, ta biyo ni. Suka ɗauki na falo, suka ɗauki na lambu, suka ɗauki na kan hanya. Aka wayi gari ba abin da ya rage sai bakin famfo, ga masu gidan suna son gidansu.

Ranar ya zo da kansa, cikin kayan ubansa, gajeren wando da doguwar safa. Ya durƙusa a gabana da ƙyar, gwiwoyinsa suna ƙara. Ma'aikata duk suka bar abin da suke yi.

Ya ce da Hausa, "Adda, me kike so?"

Na dubi baho. Na ce wa 'yata, "Ki ce masa a cire ambulan. Ki ce masa a cire dariyar. Ki ce masa a cire maganar nan da ya ɗora."

Ya amsa da Turanci, 'yata tana juyawa. Ya ce shi abin da ya gani ya sani. Ya kama zanina ban juyo ba. Ya tsallako teku ya zo, ban dube shi ba. Ko yanzu da yake durƙushe, baho nake kallo. Ya ce, "Ta dube ni sau ɗaya ta kira sunana. Sau ɗaya. In ta yi, yau zan canza komai."

'Yata ta raɗa mini, "Inna, ki faɗa kawai, a wuce wajen. Kalma ɗaya ce."

Sunan yana bakina. Bai taɓa barin bakina ba, a ciki yake kwana. Amma in na faɗe shi a gaban taron nan, na mayar da shi kamar kowane yaro da na taɓa goyawa, ɗan maƙwabta, ɗan kuku. Abin da zai sa ya yarda ni uwarsa ce shi ne abin da zai cire shi daga matsayinsa. Shi bai san abin da yake roƙo ba, ni na sani.

Na miƙe tsaye. Dama ni a gidan biki in na fara magana ba a tauna goro. Na ɗaga murya na ce, "Jama'a, salamu alaikum. Duk ɗan fari a wurin nan ya ɗaga hannu."

Suka dubi juna. Can wani direbansu, Bazamfare mai furfura a gemu, ya ɗaga. Mai dafa abinci ta ɗaga da ludayi a hannu. Wani kafinta ya ɗaga daga kan tsani.

Na ce wa direban, "Malam, mahaifiyarka tana da rai?"

"Tana nan, Hajiya, a gida."

"Me take ce maka?"

Ya sosa ƙeya. "Wai 'mutumin Kaduna'."

Aka fashe da dariya.

"In ta kira waya fa?"

"Ai ba ta kirana. Ƙanena take kira, ta ce ya tambaye ni ko na ci abinci. Ko ina zaune kusa da shi. In na karɓi wayar sai ta ce a ba wa yaron, ita ba ta gama magana da shi ba."

Mai abinci ta ce, "Tawa har ta rasu ba ta faɗi sunana ba. Ranar aurena ɗaka ta shige ta rufe ƙofa, aka tafi da ni. Ƙanwarta ce ta ce mini ta kwana biyu ba ta sa komai a bakinta ba."

Kafinta ya ce daga sama, "Ni tawa ko mai irin sunana ba ta kira. Akwai wani takwarana mai kayan miya a layinmu, ta gwammace ta zagaya wani layin!"

'Yata tana juya masa duka, ɗaya bayan ɗaya, yana durƙushe yana bin su da kallo. Ya tambayi direban, ba ya jin ciwo? Direban ya ce, "Ciwo? Ranka ya daɗe, ƙannena kishi suke yi. Su ana kiransu kamar awaki."

Ya juya ga 'yata. "Ke tana kiran sunanki?"

"Yaya Bature, daga asuba har isha. Har na gaji da shi."

"Sauran 'ya'yanta?"

"Duka. Da jikoki, da tattaɓa-kunne."

"Wa ba ta kira?"

"Mutum biyu. Babanmu, da kai."

Ban ba shi lokaci ya yi magana ba. Na kamo hannun 'yar fim ɗin na tsayar da ita a bakin baho, na ce, "Ke, zo na koya miki aikinki. Matar nan da kike kwaikwayo ba hira take yi ba. Rigar yaron ce a hannunta, wadda ya cire da safe, an manta ba a sa a akwati ba. Da ya kama zaninta, ƙafafunta ta kafe a ƙasa, don in ta motsa za ta juyo. Da aka ɗauke shi, kunnenta ya bi shi. Ta ji an rufe ƙofar mota. Ta ji mijinta ya sa giya. Ta ji motar har ta sha kwana a bakin titi, har ta daina ji, ba ta daina saurare ba. Rigar tana cikin ruwa, ba ta cuɗa ba, ba ta matse ba. Har inuwar mangwaro ta bar wajen tana nan tsaye. Kin ji? Haka za ki yi."

Yarinyar hawaye ya wanke mata kwalli. Shi kuma na ji ya zauna daɓas a ƙasa, cikin ruwan famfo, da wandon ubansa. Ya daɗe. Sannan ya yi magana a hankali ga mutanensa, na ga an zo an ɗauke ambulan daga hannun mai fitowa a uwarsa.

Kada a ce daga nan shi ke nan. Da ya farfaɗo sai mai shirya fim ya dawo jikinsa. Wai to, kyamara za ta zagayo gaba a ga fuskar matar tana kuka, don mutanen ƙasarsu ba za su gane ba sai sun ga hawaye.

Na ce wa 'yata, "Ki ce masa ban yi kuka a tsakar gidan nan ba. Ba za a ɗora mini ƙarya ta biyu don a goge ta farko ba."

"Ya ce ɗigo ɗaya."

"Ki ce masa ko rabi."

"Ya ce ke kin fi duk wanda ya taɓa aiki da shi taurin kai."

"Ki ce masa a nono ya sha nasa."

Wannan bai jira fassara ba, ya yi dariya har da tari. Aka tsaya a kan bayan matar kawai za a nuna, da hannuwanta a cikin baho. Maganar da ya ɗora kuma ya ce a cire, ba zai sa wata ba, a bar ƙarar motar.

Na ɗauke kujerata daga bakin famfo. Aka zaunar da ni gaban wani ɗan talabijin da ake ganin abin da kyamara ke ɗauka. Suka yi na farko, na ce kafaɗunta suna rawa, a sake. Suka sake, na ce ta sunkuyar da kai da yawa kamar marar gaskiya, matar nan ba laifi ta yi ba. A na gaba yarinyar ta tsaya cak, wuya a miƙe, ƙafa a kafe, hannu cikin ruwa, mota tana nisa. Na ga bayan da ban taɓa gani ba, nawa. Kowa ya juyo yana jirana.

Na ce, "Ya yi."

A hanyar fita na ce wa 'yata, "Ki ce wa wancan gobe ya zo gida cin tuwo. Shi kaɗai. Ban da kyamara, ban da 'yan rakiya."

Ya zo da azahar. Na sa aka kore yaran gida, 'yata ta kai masa kwano ɗakina, ta fita ta saki labule. Ya wanke hannu ya zauna a tabarma ya tanƙwashe ƙafa da ƙyar, ya sa hannun dama. Miyar kuka ce da man shanu. Ba kowa, daga ni sai shi. Na zauna a bakin gado na dube shi son raina, tun daga sanƙon har yatsun ƙafa. Ya tsufa ƙwarai. Fatar wuyansa ta saki, akwai tabon ɗinki a haɓarsa da ban san shi da shi ba. Ya ɗago ya ga ina kallonsa, lomar ta tsaya a hannunsa.

Na ce, "Kai, ci mana. Zai huce."